Sanarwar da Ba Ta Fita Ba

Dattijon ya iso gidan rediyonmu da hantsi, riƙe da ƴar takarda da ya ninke har ta kusa yagewa. Daga wani ƙauye na kusa da Matamaye ya hau motar kasuwa zuwa Damagaram. Mai gadi ya kawo shi wurina, domin ni nake karanta sanarwoyi kowane dare bayan labarai. Muka gaisa, ya miƙo mini takardar. Resi ne na jikka ɗaya, da hatimin wakilinmu a jiki.

"Ƴata, ke ce mai karanta sanarwa?"

"Ni ce, Baba."

"To, mai ɗakina ta rasu, yau kwana goma sha ɗaya. Na biya a gaya wa dangi ranar sadakar bakwai. Dare uku ina zaune da rediyo a kunne, ban ji ba. Ƙanwarta tana can nesa inda waya ba ta kamawa, sai shekaranjiya ta ji a bakin wani a kasuwa. Ban zo karɓar kuɗina ba. Na zo ne in ji abin da ya faru."

Na yi masa ta'aziyya, na ba shi haƙuri, amma ba ni da amsar tambayarsa. Na ɗauko takardun da na karanta a waɗannan darare uku, na duba layi-layi. Babu sunan matarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, babu sanarwa ko ɗaya daga Matamaye a cikinsu, kuma ban lura ba.

Bari in yi bayanin yadda aikin yake tafiya. Muna da wakilai a garuruwan kewaye, kamar Miriya da Takeita da Matamaye. Suna karɓar sanarwar rasuwa, suna, ɗaurin aure, ɓatan yaro ko dabba, su rubuta a cikin fayil na Excel, wanda mu a nan muke kira fishiye, su turo ta WhatsApp kafin la'asar. A da, da hannu nake kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Yamai ya ga wahalar da nake sha lokacin da ya zo hutu, sai ya rubuta mini wata ƴar manhaja da harshen Python. Ina zuba fayilolin a jaka ɗaya, in danna, ita kuma ta buɗe kowanne, ta jera sanarwoyin rasuwa a sama, ta fitar mini da takarda guda. Wata takwas tana aiki ban taɓa ganin ta yi gardama ba, har na daina ƙirga abin da ke shiga da abin da ke fita.

Bayan dattijon ya tafi na kira ƙanen nawa. Fayilolin Matamaye suna nan a cikin jakar, kowanne da sunansa mai ƙarewa da xlsx kamar sauran. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ina jin laifina ne." Ya sa na buɗe rubutun manhajar, ya nuna mini wasu layuka biyu. Ma'anarsu ita ce, idan fayil ya ƙi buɗuwa, a tsallake shi a wuce ba tare da an ce komai ba.

Yana da dalilinsa. Duk lokacin da mutum ya buɗe fayil a Excel, Excel ɗin yana ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a ɓoye a gefensa, mai suna iri ɗaya amma da alamun ~$ a farko, domin ya nuna cewa wani yana aiki a kai. Babu sanarwa a cikinsa, amma shi ma sunansa yana ƙarewa da xlsx. Idan na manta wani fayil a buɗe, manhajar takan yi karo da wannan ɗan fayil ɗin ta tsaya cak. Don kada in riƙa kiransa ana saura minti goma in shiga studiyo, sai ya koya mata ta yi shiru ta wuce. Ita kuma ba ta san bambancin wannan da fayil mai ɗauke da rasuwar matar wani ba.

Muka goge layukan biyu, na sake dannawa. Nan take ta tsaya, ta zubo jan rubutu da Turancin Ingilishi. A da ina ganin irin wannan rubutu nake rufe kwamfuta in nemi teknisiyen. Ya ce in bar na sama, in karanta layin ƙarshe kaɗai, can ne maganar take. Layin yana cewa fayil ɗin ba zip ba ne. Na ce masa ni ban turo wani zip ba.

A nan na koyi abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina amfani da Excel. Fayil na xlsx, wanda ya zo da Office na 2007, ƙunshi ne irin na zip, da ƙananan takardun rubutu da dama a ɗaure a cikinsa. Tsohon samfuri na xls ginin cikinsa daban ne gaba ɗaya. Abin da manhajata ke karatu da shi, openpyxl, sabon samfurin ya sani, bai san tsohon ba. Ƙanena ya ce in buɗe fayil mai kyau da Bloc-notes. Tarkacen alamu ne ya bayyana, amma haruffa biyu na farko a fili suke, PK, tambarin da fayilolin zip ke farawa da shi. Na buɗe na Matamaye haka nan, babu PK.

Da na kira wakilin ya gaya mini sauran. Kwamfutarsa ta lalace, ya koma rubutawa a wata sibar mai tsohon Excel, wanda xls yake ajiyewa. Ya tuna na taɓa cewa xlsx kaɗai nake so, sai ya ƙara harafin x a ƙarshen sunan da hannunsa. Niyyarsa ya sauƙaƙa mini. Hausawa na cewa suna linzami ne, amma linzamin nan bai juya komai ba, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Maganin bai kai minti biyu ba. Na mayar da sunan xls, na buɗe shi a Excel, na sake ajiye shi da sabon samfuri. Sanarwoyi goma sha huɗu suka fito, ta dattijon ce ta uku.

Tun da muka hana manhajar yin shiru, sai ga wasu matsalolin da take ɓoyewa suna fitowa. Wani fayil ya ƙi buɗuwa saboda intanet ya yanke ana cikin sauke shi, rabinsa kaɗai ya iso, shi kuwa zip jerin abubuwan da ke cikinsa a ƙarshe yake. Yanzu girman fayil nake fara dubawa. Wani wakilin ya turo CSV, wato rubutu zalla, muka ƙara wa manhajar hanyar karanta shi, sai ta cusa suna da gari da sanarwa duk a gurbi ɗaya. Dalili, Excel na Faransanci da muke amfani da shi yana raba gurabe da waƙafi mai ruwa, tunda waƙafi a Faransanci na lissafi ne, ita kuma manhajar waƙafi take jira. A cikin wannan fayil ɗin ne na ga an rubuta ?an Barto a wurin Ɗan Barto. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 yana da é da è na Faransanci, amma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ya maye su da alamar tambaya, kuma idan sun tafi ba sa dawowa. Sai an zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa ne haruffanmu suke tsira. Ni zan iya cankar sunan gari, amma ba na so in canki sunan mamaci a kan iska.

Daga baya na ji cewa ba ƙananan gidaje irin namu kaɗai abin yake samu ba. A watan Oktoba na 2020, hukumar lafiya ta Ingila ta sanar cewa sakamakon mutum 15,841 da aka samu da korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. Tsohon xls ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, sabon kuwa yana ɗaukar 1,048,576. Abin da ya wuce iyaka ya zube, kwanaki ba wanda ya sani.

A makarantar aikin jarida an koya mana cewa babu abin da ya kai shiru muni a rediyo. Daƙiƙa biyar na shiru sun isa darakta ya fito daga ofis da gudu. Amma wannan shirun kowa yana jin sa. Wanda ya cutar da dattijon nan ba wanda ya ji shi sai shi kaɗai, domin ina ta magana, kiɗa yana tashi, shiri yana tafiya daidai. An kuma koya mana kada mu yarda da labari sai mun tabbatar, ni kuwa wata takwas ina karɓar takarda daga na'ura ban taɓa tambayar abin da ta bari a baya ba. Ban ɗora wa ƙanena ba, ban ɗora wa wakili ba. Ni ce ta ƙarshe kafin makirfo.

Yanzu manhajar tana tsallake fayil mai ~$ kaɗai. Duk wani da ya ƙi buɗuwa, tsayawa take ta rubuta sunansa. A ƙasan takarda tana faɗin sanarwa nawa ta samu daga kowane gari, kowane wakili kuma yana turo mini adadin nasa ta saƙon waya, in gwada da biro kafin in shiga studiyo.

A daren da dattijon ya zo na karanta sanarwarsa a farko, na nemi gafarar iyalinsa da sunan gidan rediyo. Da sadakar arba'in ta matso na karanta ta dare uku a jere, ba mu karɓi ko dala ba. Wakilinmu ya ce ƙanwar marigayiyar ta zo.