"Lafiya Lau" Ba Amsa Ba Ce

Ku gaida Bahaushe da "ina kwana", ko da kuwa bai runtsa ba, amsar guda ce: lafiya lau. To, wannan amsar ita ta fi ba ni wahala tun da na fara haɗa wata 'yar manhajar waya, wadda mutum zai riƙa ajiye halin da zuciyarsa take ciki a kullum.

Ba son burgewa ya sa ni wannan aiki ba. Ƙanwata da ke aure a Gwiwa ce ta haihu, barci ya ƙaurace mata, abinci sai an matsa, ga kuka ba dalili. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ranar da muka kai ta asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na nan Kazaure, likita ya ce, "Tun yaushe abin ya fara?" Mu huɗu muka yi ta kallon juna, domin duk ranar da muka tambaye ta, lafiya lau take cewa.

Likitoci suna da ma'aunin da ake kira PHQ-9, tambayoyi 9 ne a kan makonni 2 da suka wuce, makinsa daga 0 zuwa 27. Amma wa zai tuna daren jiya waccan, balle na makon jiya? Shi ya sa tawa manhajar ba ta cewa "yaya kike ji?" Abin da ake iya ƙirgawa take tambaya: Kin yi barci? Sau nawa kika ci abinci? Kin yi hira da wani yau? Kunya tana ɓoye damuwa, amma ba ta ɓoye tuwon da aka mayar a kwano.

Sauran darasin ƙauye ne ya koya mini. A ƙauyukan Roni da na Babura can bakin iyakar Nijar, sabis sai an nemi tudu, don haka dole ta yi aiki ba intanet. Da yawa ba su yi boko ba, sai na sa murya da hoto. Sannan waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da yara, sai na sa lambar sirri, na kuma cire kalmar "ƙwaƙwalwa" daga sunanta, don mun san abin da tsegumi guda yake yi wa aure.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Sai dai doka ba ta shiga ɗaki ta tambayi maijego ko ta yi barci.

Jama'a, manhaja ba likita ba ce, ba kuma ta hana addu'a. Aikinta kawai, idan kwanaki suka jeru ba daɗi, ta ce a tafi asibiti da wannan lissafin a hannu. Wanda kuma ya ji ransa ya ishe shi, kada ya jira lissafi, ya faɗa wa na kusa da shi yau ɗin nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.