Allurar da ta sauka a hanyar Salaga



Shekara 11 ke nan ina riƙe wa Maigida alƙalami. Ni ke rubuta masa wasiƙu, ni ke ajiye littafin kuɗi, don haka duk abin da aka kashe wa motarsa sai ya biyo ta gabana. Tsohuwar Land Cruiser ce mai shan dizal, ita ke kai mu jana'iza da ɗaurin aure da zaman sulhu, daga Yendi har Walewale. A makarantar allo da ta ilimi na tashi, ba a karantar da ni babin lagireto ba. Ɗan abin da na sani motar ce ta koya mini, kuma da tsada.

Wata rana cikin watan Maris, lokacin da zafin Tamale kan kai digiri 40, aka aiko cewa aminin Maigida na ƙuruciya ya rasu a Salaga, za a yi masa sutura bayan Azahar. Muka bar Kanvili da hantsi, tafiyar wajen kilomita 120. Mun wuce Kpalbe kaɗan sai allurar zafin inji ta ɗaga sama da inda ta saba tsayawa. Direba ya rage gudu. Jim kaɗan ta dawo, har ta gangara ƙasa da tsakiya. Ya ce, "Baba, ta huce da kanta." Na ce alhamdu lillahi, ya ƙara wuta.

Ba mu yi nisa ba wari ya cika motar, ƙarfinta ya mutu, inji ya yi shiru. Ashe tiyon ƙasa ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye a kan hanya. Dattijo mai shekara sama da 70 ya yi awa uku a gindin kaɗanya kafin mu sami motar da ta ɗauke mu. Mun tarar an dawo daga maƙabarta. Bai yi wa kowa faɗa ba, sai dai ya dube ni ya ce, "Malam, ka rubuta cewa mun iso bayan an rufe shi." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da aka janyo motar gida, na zauna wurin makanike na ce sai ya nuna mini abin da ya yi mana ƙarya. Ya kwanto wani ɗan ƙarfen tagulla da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, wanda ake ɗaurawa kusa da inda ruwan zafi ke fita daga kan inji. Shi ne sensa. A cikinsa akwai ɗan ƙwayar abu mai tare wutar lantarki: in ruwa na da sanyi ya tare ta sosai, in ruwa ya yi zafi ya sakar mata hanya. Gwargwadon wutar da ta wuce, gwargwadon tashin allura. Zafin ruwa yake aunawa, ba zafin ƙarfe ba. Ranar da ruwan ya zube, kansa ya koma rataye cikin iska, allura ta sauka alhali inji na ƙonewa.

Sai na tuna babin shaida da muka karanta a gaban malaminmu. Mai shaida ba ya faɗin sai abin da ya halarta. Sensa bai yi ƙarya ba. Mu ne muka tambaye shi abin da bai gani ba.

Laifina kuwa yana rubuce cikin littafina da hannuna. Sau biyu direba ya nemi kuɗin ruwan lagireto mai launi, na hana, na ce ruwa ai ruwa ne. Muka riƙa ɗura na rijiya da na dam. Irin wannan ruwa yana barin tsatsa da farin dafi a ciki, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ya lulluɓe kan sensa har ya yi nauyin ji. Mai launin yana hana tsatsa, kuma tare da murfin lagireto mai lafiya, wanda ke riƙe matsi, ruwa kan wuce digiri 100 bai tafasa ba.

Akwai kuma tamostat, ƙofar da ke tsare ruwa cikin inji har sai ya kai wajen digiri 80 sannan ta buɗe. Namu an daɗe da cire shi, bisa zancen da ya yaɗu a garejinmu cewa kayan ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba yanzu. In yana nan, allura wuri ɗaya take tsayawa kullum, ta yadda ko kaɗan ta gusa ka san da magana. In babu shi, da asubar hunturu tana ƙasa, da rana tana sama, har ido ya saba da yawonta ya daina tambaya.

Masu sababbin Hilux da Prado su lura, nasu sensa har da kwamfutar mota yake yi wa bayani. In ya lalace, ko ƙura da girgizar hanya suka kwance wayarsa, mota kan yi wuyar tashi, ta sha mai, ta yi baƙin hayaƙi. Gwajinsa ba wuya: a tsoma kansa cikin ruwan da ake ɗumamawa, a sa mita, a ga ko lambar na sauka a hankali yayin da ruwan ke zafi.

Kan inji ya lanƙwashe, sai daga Suame Magazine a Kumasi aka samo mana wani. Kuɗinsa ya isa sayen ruwan da na hana na shekaru masu yawa.

Yanzu kafin kowace tafiya, tun inji na da sanyi, ni da direba mukan buɗe murfi mu ga ruwa da idonmu, mu matsa tiyo, mu kakkaɓe ƙura da ciyawa daga fuskar lagireto. Da zafi ba a buɗe shi, tururin kan saɓule fatar mutum. Na kuma gaya wa yaron, in allura ta hau sannan ta faɗo haka kawai, ya kashe mota nan take, ko da Maigida na cewa a yi sauri. Maigida na zaune na faɗa, ya ce, "Ka ji abin da Malam ya ce."