Jakin da aka yi wa kwalliyar doki

Motar a-kori-kura, ko'ina take a duniya, jakin zamani ce. Domin buhu da siminti da ƙarfe aka ƙera ta. Shi ya sa maƙera suka ɗaga ta daga ƙasa, suka bar fili tsakanin taya da jikin mota, don idan kaya ya danne ta, ta sami wurin sunkuyawa. To amma a ƙasar Amurka, musamman a jahohin Teksas da Kaliforniya, akwai samarin da ke tara gumin watanni domin su toshe wannan fili. Sukan sauke motar ƙasa har ta kusa shafar kwalta, su sanya mata jant manya masu ƙyalli na inci 24 ko 26, wato wajen santimita 61 zuwa 66, alhali da na inci 17 ko 18 akasarinsu ke fitowa daga masana'anta.

Aikin ba na wasa ba ne. A gaba, ana canza ƙarfen da taya ke juyawa a kansa da wani wanda ke sauke mota santimita 5, a ƙara da gajerun sifirin. A baya kuwa, a mota irin Chevrolet Silverado, lam suna zaune ne bisa babban ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu. Sai makaniki ya juya tsarin, ya maido ƙarfen bisa lam, mota ta faɗo da kusan santimita 15. Daga nan ƙarfen zai riƙa dukan shasi a kowane rami, don haka dole a yanke shasin, a yi masa lungu, a ƙarfafa wurin da wani ƙarfe. Masu hali kan sa jakunkunan iska a madadin sifirin: idan mota ta tsaya a sace iskar ta kwanta, idan za ta tashi a hura ta miƙe.

Kowane santimita da aka ci, akwai kuɗinsa. Idan jant ya girma, dole robar taya ta sirance don ta sami shiga, kuma siririyar roba ba ta shanye duka. Rami guda ya isa ya lanƙwasa jant mai tsada. Ƙafa mai nauyi tana wahalar da birki. Idan ba a daidaita tsayuwar tayoyin ba, sai su cinye ta gefe guda. Tudun rage gudu da ke kan titi ya zama abokin gaba, sai an hau shi a karkace, a hankali. Babbar hasara kuwa ita ce ta kaya: motar da ba ta da sauran wurin sunkuyawa ba ta ɗaukar abin da aka ƙera ta dominsa.

Nan ne gardama ke tashi a gidajen ƴan asalin Meksiko da ke birnin Hustan, inda wannan ado ya yi ƙarfi. Uban da ya ci da iyalinsa da aikin gini yana kallon motar ɗansa, zuciyarsa na ƙuna. A ganinsa an karya wa jaki baya. Yakan ce: "Ɗana, wannan ko buhu goma ba za ta kai ba." Ɗan kuwa ya amsa: "Baba, kwana shida nake ɗaukar kaya. Ita dai a bar ta ta huta." Dukansu suna da gaskiya. Uban yana auna mota da abin da take kawowa gida. Ɗan yana auna ta da yadda ake dubansa idan ya fito ranar hutu, ba ƙura a jikinsa, ba mai kiransa lebura.

Wannan neman mutunci yana da tarihi. Bayan yaƙin duniya na biyu, samari ƴan asalin Meksiko a birnin Los Anjeles suka fara yanke sifirin motocinsu, suna loda buhunan yashi a baya, suna tafiya ƙasa-ƙasa, sannu-sannu, lokacin da sauran samari ke tseren gudu. A 1958 jahar Kaliforniya ta kafa dokar da ta hana wani sashe na mota ya sauko ƙasa da gindin jant. A 1959 wani saurayi mai suna Ron Aguirre ya fito da dabara: ya sa wa motarsa famfunan mai na jirgin sama, ta yadda zai ɗaga ta idan ya hango ɗan sanda, ya sauke ta idan ya wuce. Sai a 2023 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke dokar, sokewar ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Shekara 66 ke nan ana jayayya a kan tsayin mota, alhali abin da ke ƙarƙashi shi ne wa ke da ikon yin taƙama a kan titi.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram ya san kishiyar wannan aiki. A garejojinmu ƙara lam ake yi wa Hilux da Land Cruiser don su jure lodi da rairayin hanyar Agadas. Ƙarfe ɗaya ne, bukata ce ta bambanta. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ga irin wannan mota cikin tsofaffin motocin Amurka da ake saukewa a tashar Kotonu, kada ƙyallin jant ya rufe masa ido. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya duba ko an yanke shasi, ya tambayi kansa hanyar da za ta bi.

Ba laifi ba ne mutum ya mai da jakinsa dokin hawan salla, in dai aljihunsa ya yarda. Sai dai ba a tauna taura biyu. Wanda ya zaɓi kwalliya ya san ranar kasuwa a kansa zai ɗauki kayan.