Daga Rigasa Zuwa Kano: Ina Za A Kai Yaron?

Gidan da 'yan sanda suka fasa a Rigasa a ƙarshen watan Satumbar 2019 ne ya sa na ɗauko wannan tafiya daga Kaduna. Mutum sama da 300 aka fito da su, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk shaidar bulala. Ba a rufa wata guda ba aka fasa wani a Daura, daga nan hukumomi suka shiga rufe gidajen mari ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi tir, kuma abin a yi tir ne. Sai dai hayaniyar ta danne wata magana. Da yawa daga cikin samarin nan ba sato su aka yi ba, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suka biya kuɗi, saboda shaye-shaye ya fi ƙarfinsu. An rufe gidajen, shaye-shaye kuwa yana nan. To uban da ɗansa ya kwance injin markaɗen uwarsa ya sayar don ya sayi ƙwaya, yau ina zai nufa da shi?

A Rigasa mutane ba su cika son a tayar da zancen ba. Wani tela da na fake wa rana a shagonsa bai ko ɗago daga kan kekensa ba ya ce, "Malam, wanda bai haifi irin yaran nan ba shi ke da bakin zagin iyayensu."

Na tsallaka Barnawa, inda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yake, wanda ke da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Wata ma'aikaciyar jinya da ta tsufa a irin wannan aiki ta yarda mu zauna bayan ta tashi. Na ce, "Sista, me iyaye suke fara cewa idan sun zo?" Ta yi dariya ta ce, "A wanke masa jini." Haka suke ɗauka, a sa wa yaro ƙarin ruwa leda biyu, dattin ya fita, a koma gida. Ta ce fitar da ƙwaya daga jiki shi ne mafi sauƙi a duk aikin, ko da yake ba ya da daɗin kallo. Wanda ya saba da kodin ko tiramol, idan ya daina, sai hamma da majina da gumi, sai zawo, gaɓoɓi su riƙa ciwo, barci ya ƙaurace masa. Zai sha wuya, amma da magani da kulawa cikin kwanaki abin ke lafawa. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci irin su roci da diyazafam kuwa, yanke masa kai tsaye na iya jefa shi cikin jijjiga har ya rasa ransa, shi ya sa a hankali likita ke janye shi. "Ka ga wanda aka ɗaure a ɗaki aka ce ya daina da ƙarfin tsiya," in ji ta, "Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa."

Abin da ke biyo baya shi ne mai tsawo: zama da masu ba da shawara, gano abin da ya tura yaro tun farko, duba ko akwai ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa a ƙasa, sannan a kira iyaye su ma a zauna da su. Ta tuna mini cewa har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Najeriya na aiki ne da dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda hankalinta ya fi karkata ga tsare mara lafiya. Idan doka ma ta daɗe haka tana ganin kulle shi ne magani, ina laifin tsoho a ƙauye?

A tashar Kawo na shiga Sharon mai zuwa Kano. Kusa da ni wani dattijo ne, ya rungume kular abinci a cinyarsa, duk ramin da muka faɗa sai murfinta ya yi ƙara, ka san babu komai a ciki. Sai da muka wuce Jaji na ce, "Baba, daga dubiya kuke?" Ya dube ni kamar zai ƙyale, can ya ce ɗansa ne a kwance, na huɗu a gidan, wanda ya fi kowa ƙoƙari a makaranta. Ya lissafa mini hanyoyin da ya bi da yatsunsa. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an kai shi wurin wani malami mai mari, ya dawo da tabo a idon sawu da wata ƙiyayyar da ba ya da ita a da. An yi masa aure ko zai nutsu, auren bai kai shekara ba. Asibiti shi ne na ƙarshe, kuma sai da ya sayar da gona. Na tambaye shi me ya hana a fara da asibitin. Ya ce, "Ɗana, akwai ƙannensa mata. Ranar da aka ji an kai shi asibitin mahaukata, wa zai zo neman aurensu?"

Direba, wanda ashe kunnensa na wajenmu, ya sa baki. Ya ce shi ba ya sha, kamar yadda kowane direba ke cewa, amma ya san masu sha. Mai tuƙin dare, ɗan adaidaita, lebura mai ɗaukar bulo, ɗan ƙwadago a lokacin girbi, da yawa ba don maye suka fara ba, don aiki ne. Likita kan rubuta tiramol mai awo 50 ko 100, ita kuwa wadda ake sayarwa a bayan tasha 225 ce, kuma mutum ya watsa biyu ko uku ya kora da shayi. Ba a jimawa jiki ke sabawa, ya nemi ƙari, daga nan sai a ga saurayi ya faɗi yana jijjiga a ce aljanu ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da aka duba, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 tiramol da danginta, miliyan 2.4 ruwan maganin tari. Da na karanto musu wannan daga wayata, direba ya ce an rage.

Bayan Zariya jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka tsayar da mu, suka buɗe but, suka matsa buhu biyu, suka ce mu tafi. Tun 1989 aka kafa hukumar, kuma tun da Buba Marwa ya karɓe ta a 2021 ba a mako ba a ji ta kama wani abu ba. A Kwanar Dangora dattijon ya nuna mini hanyar Ƙiru da haɓa, inda gwamnatin Kano ke da makarantar gyaran hali. Ya ce ya taɓa tunanin can. Bai ƙara komai ba, ya sauka a Kura.

Dab da shiga Kano, a Dangwauro, ga sabuwar kasuwar magunguna nan a bakin titi. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja kafin masu sayar da magani na Sabon Gari su yarda su koma can, sai da hukumomi suka garƙame shaguna sama da 1,000 a Fabrairun 2024. Hikimar ita ce idan sari ya koma wuri ɗaya, za a san kwalin da ya shigo da inda ya nufa. Abin yana da tarihi. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalbar kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, duk wanda ya leƙa kwatocin birni a shekarun nan ya ga kwalaben benalin. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, washegari gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, ta koma ɓoye, masu sha suka juya ga abin da ya sawwaƙa. A shekarar ce Indiya ta tsaurara fitar da tiramol, sai ga wasu ƙwayoyin sun ɓullo, irin su Tafrodol, haɗin tafentadol da karisofurodol, waɗanda sai a Fabrairun 2025 Indiya ta hana yin su. Toshe kasuwa yana da amfani, ba na musu, amma kamar danne ruwa ne a buhu: ka matse nan ya tsattsafo can.

Giya kuwa a Kano hukuncinta a fili yake. Hisbah kan tara kwalabe ta bi ta kansu da motar daɓe titi a gaban 'yan jarida. Amma giya tana da wari, tana tona asirin mai ita. Kodin da aka juye a robar lemo ba ya wari, ƙwaya ma haka, shi ya sa suka iya shiga har ƙuryar ɗaki. Binciken nan na hukumar ƙididdiga ya ce cikin kowane masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce. A wuraren jinya ba ka ganin haka ko kusa. Namiji ana kai shi asibiti idan ya addabi unguwa, mace kuwa rufa mata asiri ake yi har abin ya ci ta.

Inda na fi daɗewa shi ne wani garejin gyaran mota a gefen birni, wanda wani abokin aiki ya yi mini kwatancensa. Mai garejin kan karɓi samarin da aka sallamo daga jinya. Ba ya da takardar komai, kuma ba ya cewa yana magani. Ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu, siriri, haƙoransa na gaba biyu sun karye tun wata faɗuwa da ya yi. Muka zauna a kan tsohuwar taya, yana goge fulogi da burushin ƙarfe yana magana.

Ya ce zaman asibiti bai ba shi tsoro kamar ranar sallama ba. A can akwai lokacin tashi, lokacin magani, lokacin barci. Ya dawo gida ya tarar an canza kwaɗon ɗakin uwarsa, ƙannensa suna ɓoye waya idan ya shigo, kuma babu mai aikensa ko da cefane. "Yallaɓai, wa kake jin ya fara zuwa yi mini barka?" 'Yan majalisarsu ne. Su kaɗai suka rungume shi, kuma a aljihun ɗayansu akwai ta maraba. Ya sha adadin da ya saba sha a da, bai san jikinsa ya riga ya manta ba, sai farkawa ya yi a asibiti. Ma'aikaciyar jinyar nan ta Kaduna ta riga ta gaya mini haka, cewa makonnin farko bayan sallama ko fitowa daga kurkuku sun fi kowane lokaci haɗari. Ta kuma ce komawa ruwa ba ya nufin jinya ta tashi a banza, sai dai a sake tashi, kamar kowace cuta mai dawowa. Iyaye da yawa a nan suke yanke ƙauna.

Tsarin mai garejin ba shi da yawa. Yaro ya zo da safe, ba ya tashi sai an yi isha'i tare, saboda tsakanin magariba da dare ne majalisa ke cika. Kuɗin aikinsa rabi a hannunsa, rabi wajen uwarsa. Ranar komawa asibiti shi da kansa ke ba da kuɗin mota, ya haɗa shi da babban yaron gareji. Kuma daga wata na biyu yakan miƙa masa kuɗi ya aike shi sayo kayan gyara, da gangan. Na ce, "Oga, ba ka tsoron ya gudu da su?" Ya ce an taɓa gudu da su, ba sau ɗaya ba. "Amma yaron da ba a yarda da shi a ko'ina, wajen dila kaɗai yake da daraja."

Na tambaye shi abin da ya fi damunsa yanzu. Na zaci zai ce kuɗin magani. Ya ce kakar zaɓe. Da an fara gangami, motoci za su shigo unguwa neman 'yan rakiya, a raba riguna da 'yan kuɗi, a bayan mota kuma a raba abin da zai sa yaro ya wuni yana ihu a rana bai gaji ba. A zaɓen da ya wuce yara uku ya rasa a mako guda, ɗaya ne ya dawo. Ya ce bana ya riga ya je ya sami mai unguwa da limami, ya kuma gaya wa iyayen yaran cewa ranar da duk aka ce akwai taro, a garejin za su kwana.