'Yan Tawayen Zariya da Bangon da Muka Shafe da Siminti

Tsakanin Funtuwa da Zariya tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintuna idan hanya ta yi kyau. Duk da wannan kusanci, da wuya ka sami ɗan boko a Funtuwa, Bakori ko Malumfashi da ya san cewa a Zariyar nan aka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen zamani a Nijeriya. Na sha jefa wa ɗalibaina wannan tambaya, sai aji ya yi tsit.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Turawan da ke koyar da su sun ɗora su a kan tsarin makarantun Ingila: a zana mutum ko tulu daidai yadda ido ya gan shi. Samarin suka ce za su karɓi fenti da dabarun Bature, amma abin da za su zuba a ciki daga gida zai fito. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma laƙabin da aka ba su, 'Yan Tawayen Zariya, yana nan har yau.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin sunayen da tarihi ya riƙe babu Bahaushe ko ɗaya. A ƙasarmu aka yi shukar, amfanin ya tafi Legas, Ibadan da Nsukka. Alhali 'yan kilomitoci kaɗan daga ajinsu akwai Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ga kuma sorayen da magina suka ƙawata da dagi da sauran zane-zane.

Uzurin da aka saba kawowa shi ne addini ya hana zana mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma ina girmama ta. Sai dai wanda ya bi tarihin zanen zamani zai ga babban motsinsa gudu ne daga kwaikwayon sura. A 1907 Fikaso, ɗan Sifen da ke zaune a Faris, ya fara farfasa siffar mutum zuwa kusurwoyi bayan ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, abin da ya haifi salon da ake kira Kubizim. Matis na Faransa ya je baje kolin fasahar Musulunci a birnin Munik a 1910, sannan ya tafi Maroko a 1912 yana koyon yadda launi da zayyana ke cika fili. A daidai wannan lokaci Kandinski ɗan Rasha ya jingine sura gaba ɗaya, ya bar layi da launi kawai. Wato inda suka isa da jiɓin goshi, can mai ɗinkin aska takwas da mai zanen ƙwarya suka daɗe da zama.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Sudan. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin allo ne. Ya yi karatu a Landan, ya dawo gida ya baje zanensa irin na Turai, mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da ya koya a gaban mahaifinsa, ya riƙa miƙe shi yana lanƙwasawa har ya fitar da sabon salo. Daga irin wannan yunƙuri aka sami abin da ake kira Makarantar Khartum. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya keɓe masa baje koli na musamman. Duk wanda ya taɓa halartar saukar Alƙur'ani a ƙauyukan Kafur ko Ɗanja ya ga allon zayyana, ya san kayan aikin El-Salahi muna da su a zaure.

To ina namu suke? Suna nan, ba mu dai ɗauke su a bakin komai ba. Ka tsaya a kasuwar Dandume ranar da ake lodin masara, ka dubi bodin katakon manyan motoci: furanni, dabino, zaki, da rubutun da aka ƙawata shi har ya zama ado. Masu wannan aiki ba su taɓa jin sunan Matis ba, amma sun san inda ja zai tsaya kore ya karɓa. Haka mai ɗinkin hula, haka mai zanen lalle. Mu kuwa da muka yi boko, da kuɗin auduga ko albashi ya shigo, sai mu rushe soron kaka mu ɗora bulo, mu shafe da siminti, mu sayo hoton dusar ƙanƙara daga Sin mu rataya a falo.

Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Samaru, inda marigayi Gani Odutokun ya koyar har rasuwarsa a 1995. Na san iyaye a yankinmu da suka hana yaro mai baiwa neman gurbi a can, wai zane ba karatu ba ne, suka tura shi wani fannin da ya gama ya dawo yana zaman jiran aiki. Su kuma tsofaffin maginan da suka san kwaɓin makuba da fitar da dagi a jikin bango suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma buga bulo.