Mpape: Inda Dutse Ya Motsa

Ran nan na hau tudun Mpape, garin nan da ke bayan Maitama a Abuja, don in ga ramin da aka fasa duwatsun gina babban birnin tarayya. Yanzu ramin ya cika da ruwa ya zama tafki, dutse ya kewaye shi kamar ganuwa, duk jikinsa tsaga. Wanda ya tsaya a bakinsa zai rantse babu abin da ya fi wurin nan kafuwa. Amma kuwa a watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi girgiza a nan, mutane suka fito daga ɗakunansu a firgice, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse na wani lokaci.

Ina can har magariba ta yi, tauraron Mushtari ya fito. Shi ma yana da nasa watannin da ke kewaya shi, akwai guda da ake kira Yuropa, wanda Galileo ya hango a 1610. Ɓawonsa ƙanƙara ce zalla, masana kuwa suna da hujjojin cewa akwai teku a ƙarƙashinta. Cikin kwana uku da rabi yake zagaya Mushtari, in ya matso a ja shi da ƙarfi, in ya nisanta a sassauta, watau kullum ɓawon cikin lanƙwasa yake. Ƙanƙarar sama ta sandare don tsananin sanyi, sai ta tsage. Ta ƙasa kuwa da ɗan ɗumi, sai ta riƙa malala sannu a hankali kamar kakin zuma, har ramukan da ke bisanta su yi ta shafewa. A 2024 Amurka ta harba kumbon Europa Clipper don ya auno wannan ɓawo, ana sa ran isarsa a 2030.

To, jama'a, ɓawon duniyarmu ma haka yake: can ƙasa dutse yana lanƙwasa, a sama kuwa nauyi ne ke taruwa a tsaga shekara da shekaru, ran da ya ƙwace sai girgiza. Da na sauko na ga gidaje sun hau gangaren Mpape, wani bisa wani. Rigakafi ya fi magani: kafin a aza tubali, a auna ƙasar tukuna.

Allah ya kiyaye mu, amin.