Gida Ɗaya, Tukunya Uku

A daminar 2005 ina malamin kwantiragi a wata makaranta a unguwar Zango, cikin Damagaram. Shekarar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta share abin da ya rage a gona. Tiyar hatsi a Kasuwar Dole ta fi ƙarfin albashina, matan ƙauye kuwa sun koma jiƙa anza suna cire mata ɗaci. Fararen motocin ƙungiyoyin agaji suka cika gari, har Kofi Annan ya zo da ƙafarsa a watan Agusta. Duk mai jin Faransanci da Hausa ya zama abin nema.

Aikina na farko ta hannun wani ofishin fassara na Yamai ya zo. Ban taɓa ganin mai ofishin ba, balle mai aikin. Nakan zauna a shagon intanet, ga zafi, ga ƙarar janareta, ina jiran takarda ta buɗe. In fassara, in mayar. Kuɗi a kan shafi, biya bayan wata biyu ko uku. Na san abin da ake ba su ya fi abin da suke ba ni, amma ban ji haushi ba. Na tashi ina ganin dillalan kasuwar dabbobi: wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya ci la'adarsa, in ciniki ya lalace kuma shi ake riƙewa.

Wata rana aka aiko takardar ƙidayar mabuƙata. A layin farko akwai kalmar "ménage". Na tsaya. A wajenmu zaure ɗaya kan tara tsoho da 'ya'yansa magidanta, kowa da rumbunsa, kowa da tukunyarsa. Na rubuta wa ofishin cewa su tambayar mini mai aikin: ƙofa yake ƙirgawa ko tukunya? Aka amsa mini cewa ba a haɗa mai fassara da mai aiki, kuma gobe da safe ake son takardar. Na rubuta "gida". Ba zan ɓoye maka ba, a daren nan barcina na yi. A lokacin gani nake tunda akwai wani a tsakani, nauyin ma yana kansa.

Bayan 'yan makonni wani maƙwabcina direba ya haɗa ni da wata likita Baturiya mai neman tafinta. Muka yi ciniki baki da baki a gindin dogon yaro, biya kullum da yamma, hannu da hannu. Abin da nake samu a yini guda ya fi na shafuka goma. Muka bi ta Mirya muka nufi ƙauyukan Damagaram Takaya, tana auna damtsen yara da ɗan zare mai launi, ni ina gaya wa iyaye mata abin da ja yake nufi: tamowa ta yi tsanani.

A wani ƙauye wani dattijo ya riƙe mini hannun riga.

"Ɗana, kai ne bakin baƙuwar nan?"

"Ni ne, Baba."

"To zo ku gani."

Ya shigar da mu bayan danga. Murhu uku. Ɗaya kaɗai ke da toka mai ɗumi. Na sa hannu a sauran biyun, sanyi ƙalau. Ya ce masu rabon hatsi sun ba su kati ɗaya, wai gida ɗaya ne. Saurayin da ya taya su ƙidaya ya ɗauko takardar da aka bar masa. Tun kafin in karɓa na gane ta. Jimlolina ne, har da yadda nake jera tambaya.

Gabana ya faɗi, bakina ya bushe. Na tuna mahaifina, wanda bai so in yi wannan sana'a ba. Yakan ce a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, da aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin nan, ba a bar tafintansa ba. Tafinta ba ɗan kallo ba ne, in ji shi. Babu mai jin harsunan biyu a wurin sai ni; da na so, da na sassauta maganar tsohon, ta wuce. Na fassara ta duka. Sannan na ce wa likitar da Faransanci: ni na rubuta kalmar nan.

Ta yi shiru. Can ta tambaye ni abin da ya kamata a rubuta. Na ce: masu ci daga tukunya ɗaya. Tambayar da ta kasa wuce ofishin Yamai, ga ta an warware ta a tsaye, a gaban murhu. Ta kai maganar wurin masu rabon, aka sake ƙirga ƙauyen. Sauran ƙauyukan da takardar ta shiga, har yau suna raina.

Kada ka ɗauka aiki kai tsaye zuma ne zalla. A daminar nan wani ɗan jarida ya yi kwana huɗu da ni, ya shiga motar asuba bai biya ni ko dala ba. Ranar na san amfanin dillali: ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Har yanzu ina karɓar aiki ta hanyoyin biyu. Mai zuwa da kansa, rabin kuɗi kafin in ɗauki alƙalami, da takarda a rubuce. Ofishin fassara kuwa, ba na jayayya da la'adarsa. Sharaɗina ɗaya, tambayata ta isa kunnen mai aikin, amsarsa ta dawo mini. In suka ce babu lokaci, sai in mayar musu da takardarsu. Matasan da ke zuwa koyon aiki wurina kan ce ina korar arziki. Ba na musu da su. Ni dai tafin hannuna bai manta sanyin tokar nan ba.